Manhajar AI za ta tantance wa za a ba bashin taki: idan ta yi kuskure, wa doka za ta kama?

Sakataren Gama-kai, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana doka da masana kwamfuta. Ƙungiyarmu ta gama kai tana da mambobi wajen 1,200, galibi manoman masara ne daga Giwa, Soba, Kudan da Maƙarfi. Kowace shekara muna ba da taki da iri bashi kafin damina ta kankama, a biya da kaka. Wani kamfani ya kawo mana manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI. Aiki biyu za ta yi. Za ta duba bayanan mamba ta ba shi maki, wanda bai kai 50 ba babu bashi. Sannan za ta riƙa amsa tambayoyin manoma da Hausa a WhatsApp kan taki da maganin feshi. Suna so mu ba su suna, lambar waya, NIN, BVN, hoton fuska, girman gona da tarihin biyan bashi na shekara shida.

Wakilinsu ya ce Najeriya ba ta da dokar AI, don haka ba abin da zai hana. A takardar yarjejeniyar kuma an rubuta cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da manhajar ta yanke. Shin gaskiya ne babu doka? Idan ta hana wanda ya cancanta, ko ta ba manomi shawarar da ta ƙona masa gona, wa za a kama?

Lauya, Kongo

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku sa hannu a takardar nan yadda take.

Ko da an karɓi maganar wakilin cewa babu wata doka mai ɗauke da sunan AI, hakan bai sa filin ya zama na kowa ba. Abin da Ma'aikatar Sadarwa ta fitar a Agustan 2024 ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani daftarin manufa ne, yana nuna inda gwamnati ta dosa, ba ya hukunta kowa. Amma dokar da ta kama ku tana nan da ranta: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, ita ce ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC. A idon wannan doka ku ne masu iko da bayanan, tunda ku kuka karɓa daga mambobi kuma ku kuka yanke abin da za a yi da su. Kamfanin ɗan aikinku ne kawai. Idan abu ya lalace, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa.

Sashe na 37 shi ne zuciyar maganar. Ya ba kowane mutum 'yancin kada a yanke masa hukuncin da zai shafi rayuwarsa sosai ta hanyar na'ura kaɗai. Hana manomi taki a watan Yuni ba ƙaramin abu ba ne, shekararsa ce gaba ɗaya. Dokar ta yi togaciya uku: in hakan wajibi ne don ƙulla yarjejeniya, in wata doka ta ba da izini, ko in mutumin ya amince. Amma ko a cikin togaciyar, dole ku ba shi damar neman mutum mai jini a jika ya sake duba maganarsa, ya faɗi nasa bayanin, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Tsarin "ƙasa da 50 babu bashi" ba tare da wata ƙofar ɗaukaka ƙara ba ya saɓa wa wannan sashe kai tsaye.

Kafin ku kunna manhajar, sashe na 28 ya wajabta muku rubuta nazarin haɗarin da aikin zai iya jawo wa masu bayanan: me za a karɓa, don me, wa zai gani, me zai iya faruwa, wane mataki kuka ɗauka. Sashe na 27 ya ce ku gaya wa mamba tun farko cewa na'ura ce za ta auna shi. Ku yi wannan bayani da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatu, domin dangwala yatsa a takardar Turanci da mutum bai san abin da ke ciki ba amincewa ce mai rauni ƙwarai a gaban alƙali. Hoton fuska kuwa, in da shi na'ura za ta gane mutum, ya shiga jerin bayanai masu tsauri na sashe na 30, tare da addini, ƙabila da lafiya. Ni a ganina ku cire shi baki ɗaya. Mai biyan bashi ba a gane shi da fuska.

Ku tambaye su a ina rumbun ajiyarsu yake. Yawancin waɗannan manhajoji a kan na'urorin kamfanonin Amurka ko Turai suke tafiya, to bayanan mambobinku sun bar ƙasa ke nan, kuma sashe na 41 zuwa 43 ya gindaya wa hakan sharuɗɗa. Idan aka yi kutse, awa 72 gare ku ku sanar da NDPC daga lokacin da kuka sani. Don haka ku rubuta wa kamfanin awa 24 ya sanar da ku, don ku sami sararin numfashi.

Sai rajista. A jagorar hukumar, wanda ya sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida yana cikin waɗanda ake so su yi rajista, kuma kuɗinta mataki uku ne, daga naira 10,000 zuwa 250,000. Tarar da doka ta tanadar wa manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar bara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana miliyan 2 ne ko kashi 2. Baya ga tara, sashe na 51 ya ba mamba damar kai ku kotu neman diyya.

Batun shawarar da ta ƙona gona, wannan ya koma dokar sakaci da Dokar Kare Masu Saye ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa. Akwai misali daga waje da ya dace da ku. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta ɗora wa kamfanin jiragen sama na Air Canada alhakin bayanin ƙarya da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja kan rangwamen tikiti. Kamfanin ya nemi ya zame, aka ce masa manhajar ɓangare ce ta shafinsa, abin da ta faɗa shi ya faɗa. Hukuncin ba ya ɗaure kotunanmu, amma hujjarsa mai sauƙin karɓa ce a nan ma.

Injiniyan manhaja, Samaru

Barista ya gama da ɓangaren takarda. Ni inda nake jin tsoro shi ne cikin bayanan kansu, don doka tana cewa a yi adalci amma ba ta gaya maka inda rashin adalcin yake ɓuya ba.

Na farko, tarihin shekara shida da za ku bayar tarihin waɗanda kuka riga kuka ba bashi ne. Wanda kuka hana babu wanda ya san ko da zai biya. In mata kaɗan ne a cikin littafinku, manhajar ba ta san su ba, kuma abin da ba ta sani ba ƙaramin maki take ba shi. Haka matashin da ya fara noma bana.

Na biyu, manhaja ba ta san dalilin rashin biya ba. Shekarar da tsutsa ta cinye masara, ko wadda rashin tsaro ya hana mutanen wasu ƙauyukan Giwa zuwa gona, ko wadda farashi ya faɗi da kaka, duk a wurinta "bai biya ba" ne. Sai ta koyi cewa sunan ƙauye kaza alamar haɗari ne, ta hukunta duk wanda ya fito daga can. Ko kun cire addini da ƙabila daga takardar, sunan unguwa da sunan mutum suna mayar da su ta bayan gida. Irin wannan ne ya faru a Holand, inda hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zargin dubban iyalai da zamba a tallafin renon yara, da yawansu masu asali daga waje, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021.

Na uku, matsalar gida wadda kamfanin da ya yi gwajinsa a Legas ba lalle ya lura da ita ba. Mutum ɗaya Muhammad ne a NIN, Mohammed a BVN, Mamman a littafinku. Abubakar Ibrahim ashirin ne a gunduma ɗaya, rabinsu an rubuta musu 1 ga Janairu a ranar haihuwa. Mace tana amfani da wayar mijinta. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfanin waya yana sake sayar wa wani. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya sa a jingina wa mutum bashin da ba nasa ba.

Ga gwajin da zan ce ku yi kafin biyan ko kwabo. Ku riƙe bayanan shekara ta ƙarshe, kada ku ba su. Su horar da manhajar da shekara biyar, sannan ku ba ta sunayen shekara ta shida ba tare da sakamako ba, ku kwatanta makinta da abin da ya faru da gaske. Kada ku yarda da adadi ɗaya na "tana daidai kashi 90". In mutum 90 cikin 100 dama suna biya, manhajar da ke cewa "a ba kowa" ita ma kashi 90 za ta samu. Abin tambaya shi ne: cikin waɗanda suka biya, nawa ta hana? Ku raba wannan lissafi gida-gida, maza da mata, kowace ƙaramar hukuma, mai gona ƙasa da hekta ɗaya da mai fiye da haka. In tana hana mata masu biya ninki biyu na yadda take hana maza masu biya, ba ta shirya ba. Damina ta farko kuma ku bar ta ta ba da maki a gefe, kwamitinku ya yanke yadda ya saba ba tare da ya gani ba, da kaka a kwatanta.

Mai amsa tambaya a WhatsApp ya fi ba ni tsoro. Waɗannan manhajoji Turanci suka ƙoshi da shi, Hausa ɗanɗano kawai suka yi, kuma in ba su sani ba ba sa yin shiru, ƙirƙira suke yi da cikakken ƙarfin hali. Ku duba kalmar kadada: wani eka yake nufi, wani hekta, alhali hekta ɗaya eka biyu da rabi ce saura kaɗan. Manomi ya ce kadada biyu, manhaja ta lissafa masa maganin ciyawa na hekta, ya zuba ninki biyu da rabi. Ko saƙon murya: "ashirin ba biyu" 18 ne, na'ura tana iya jin 22 ko 20. "Dubu ɗari da hamsin" mu mun san 150,000 ake nufi a kasuwa, ita ba lalle ba. Mafita ita ce a ɗaure ta da amsoshin da malamin gona ya rubuta ya sa hannu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma ta NAERLS suna nan Samaru, aikinsu ke nan. Duk tambayar da ta shafi awon magani ko haɗa magunguna biyu, manhajar ta miƙa wa mutum. Kuma a ajiye kowace hira da kwanan watanta da lambar sigar manhajar, don ranar da gardama ta tashi wannan ne shaidarku.

Sakataren Gama-kai, Sabon Gari

Allah Ya saka da alheri, Barista da Injiniya. To in muka sa ma'aikacinmu ɗaya ya riƙa danna "na amince" a kan kowane sakamako, mun fita daga sashe na 37 ke nan, tunda ba na'ura kaɗai ta yanke ba?

Mai binciken kuɗi, Tudun Wada

A'a, Malam Sakatare, wannan dabara ba za ta fisshe ku ba. Ma'aikaci ɗaya da takardu 1,200 cikin mako biyu, in awa takwas yake yi kwana goma, minti huɗu ke nan kowace takarda, ba sallah ba cin abinci. Mai bincike abu uku zai duba: minti nawa aka ɗauka a kan kowane suna, sau nawa ma'aikacin ya saɓa wa na'urar, kuma yana da ikon saɓawar ko sai ya nemi izini. In a shekara guda bai taɓa saɓa mata ba ko sau ɗaya, ai hatimi ne ba mai dubawa ba.

Abin da zai yi aiki shi ne ku rage wa mutum kaya. Wanda makinsa ya yi sama a wuce da shi. Duk wanda za a hana, kwamitin mutum uku ya zauna a kansa, cikinsu har da wanda ya san yankin, kuma su ga dalilai uku mafi nauyi da suka saukar da makin, a rubuce da Hausa. In kamfanin ya ce ba zai iya fitar da dalilai ba saboda sirrin sana'a, wannan kaɗai ya isa ku fasa, domin ba yadda za a yi mutum ya ƙalubalanci hukuncin da ba a gaya masa dalilinsa ba. Ku sa wa ƙorafi wa'adi, kamar kwana bakwai, kuma ku fara tantancewa tun Maris. Ƙorafin da aka amsa a ƙarshen Yuli ba shi da amfani, lokacin takin farko ya wuce.

Ina kuma da ɗan saɓani da masu cewa mu jira a kwafo mana dokar AI ta Tarayyar Turai. Dokar tasu ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta kasa manhajoji gwargwadon haɗarinsu, ta haramta wasu ɗungurungum tun Fabrairun 2025, kuma tararta tana kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Auna cancantar bashi yana cikin masu babban haɗari a wurinsu, wannan ya nuna muku nauyin abin da kuke shirin yi. Amma dokar ta jingina ne da masu gwaji, ɗakunan bincike da ma'aikatan da za su bi sawu. Mu a nan, manomin Soba da aka zalunta bai san NDPC ba, bai san akwai sashe na 46 da ya ba shi damar kai ƙorafi ba. Ƙara dokoki a kan wanda bai san ta farko ba ba zai canza masa komai ba. Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi komawa kan irinku masu mu'amala da shi ido da ido.

Malamin fiƙihu, cikin Birni

Hajiya mai binciken kuɗi ta yi gaskiya, kuma tunda yawancin mambobin Musulmi ne, wani zai iya kai maganar kotun shari'a, ya kamata a san yadda malamai za su kalle ta.

Na'ura ba mukallafi ba ce, ba ta da zimma, ba a ɗora mata lamuni. A fiƙihun Malikiyya an daɗe da warware makamancin wannan a babin dabbobi: mai kora, mai ja da mahayi su ne ke biyan abin da dabba ta taka, kamar yadda ya zo a Risala. Akwai kuma hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a gonar wani: masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Ma'aunin shi ne wa ke da ikon tsarewa a lokacin da ɓarnar ta auku. A nan linzami hannu biyu ne. Kamfani ne ya ƙera, shi ya san aibin abinsa, kuma ɓoye aibi a ciniki algus ne. Ƙungiya kuma ita ta saki abin cikin mutane. Sharaɗin da mai sayarwa zai ce ya barranta daga kowane aibi alhali ya san wani bai bayyana ba, ba ya kare shi.

Abu ɗaya zan ƙara. Bayanan da mamba ya ba ku amana ce, don bashi ya bayar. Miƙa su ga wani ya yi kasuwancinsa da su ba da saninsa ba cin amana ne ko da babu dokar gwamnati.

Lauya, Kongo

Allah Ya gafarta Malam, wannan magana ta ƙarshe ita ce daidai abin da sashe na 24 ya ce: bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a juya su zuwa wata. Kuma nan ne kamfanoni da yawa suke cin ribarsu ta gaske, su karɓi bayananku su horar da manhajar da za su sayar wa wasu.

Hajiya, ban ƙi maganarki ba, sai dai ina ganin dokar musamman ta AI tana da gurbin da za ta cike. Dokar 2023 bayanan mutum take karewa. Ba ta tilasta wa mai ƙera manhaja ya gwada ta da Hausa kafin ya sayar ba, ba ta ce a yi wa murya ko bidiyon da na'ura ta haɗa alama ba, kamar yadda Chaina ta wajabta. Tarayyar Afirka ta amince da manufarta ta AI a Akara a Yulin 2024, amma ita ma jagora ce ga ƙasashe. Har a cike gurbin, yarjejeniya ce dokarku, don haka, Malam Sakatare, ga abin da za ku mayar musu.

A goge sakin layin da ya wanke kamfani, a maye shi da cewa zai biya duk tara ko diyyar da ta samo asali daga aibin manhajarsa ko sakacinsa. A rubuta cewa bayanan na ƙungiya ne, ba za a horar da wata manhaja da su ba, ba za a ba wani ba sai da izininku a rubuce, kuma za a mayar muku a goge nasu kwafin cikin kwana 30 bayan rabuwa. A lissafa sunan duk wani kamfani na uku da bayanan za su bi ta hannunsa da ƙasar da yake. Kada su canza sigar manhajar tsakanin Maris da Yuli ba tare da sanarwa da sabon gwaji ba, don sabuntawa ɗaya tana iya juya makin mutum ɗari cikin dare. Ku sami 'yancin kawo mai bincikenku sau ɗaya a shekara. Ku nemi shaidar rajistarsu da NDPC da ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ku tabbatar da kanku. Kuɗin kuma a raba shi, kaso na ƙarshe sai bayan gwajin da Injiniya ya bayyana ya fito da sakamakon da kuka amince da shi tun farko a rubuce. Sannan a duba sakin layin sasanta rikici: in an rubuta Landan ko Legas, a mayar da shi Jihar Kaduna, domin ƙungiyar da ke ba da bashin buhun taki ba za ta iya ɗaukar kuɗin shari'a a wata ƙasa ba.

BVN kuwa, tunda ba kuɗi za su tura wa kowa ba, ku tambaye su a rubuce me za su yi da ita. In amsar ba ta gamsar ba, a cire ta tare da hoton fuska.